KIHI YA RAME: YUNWA CE KO CUTA?

Wanga jawabi, wani ma'aikacin gandun daji da ruwa ne ya yi shi gaban masunta da ƴan kwamitin tabki na ƙasar Madawa, Buza da Keita. Mun buga shi nan don a karanta shi cikin makarantun yaƙi da jahilci. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.



Sarakunan ruwa, dattawa, ƴan kwamiti, iyayenmu mata masu suya da masu banda, samari masu jan koma, ina gaishe ku. Sannunku da zuwa. Na san wasu sun baro garka, wasu sun baro kasuwa. Allah shi saka da alheri.

Maganar yau ta kihi ce. Ba maganar kama shi ba, wannan kun hi ni sani. Maganar lahiyarshi ce. Mi ke sa kihi shi rame? Mi ke sa shi mutu? In mun ga haka, mi za mu yi?

RUWANMU DA KIHINMU

Ƙasarmu ta Adar ba ta da babban kogi. Ruwanmu na tabki ne, da na baraji, da wanda ke kwantawa cikin hwadamar Majiya da ta Tarka. Cikin shekara ta 1984 anka hwara babban aikin Keita, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO. Jama'a, galibi mata, sunka ɗauki duwatsu bisa kai, anka tare ruwa wurare da yawa. Daga baya aikin ya kai ƙasar Buza da ta Abalak. Tabkin Tabalak da na Ɗan Dutsi kuwa, cikin shekara ta 2005 anka rubuta su cikin jerin manyan wuraren ruwa na duniya da ya kamata a tsare.

Cikin ruwaye da yawa na jihar Tawa an zuba ɗiyan kihi: gargaza, wadda wasu ke ce ma karhwasa, da tarwaɗa, wani wuri har da giwan ruwa. Yanzu kuma ga masu garka sun hwara gina kwamin siminti kusa da rijiya, suna kiwon tarwaɗa ciki.

Wanga kihi dukiya ce. Shi ke gyara miyar yara. Shi ke ba mata jari. Kuɗin shi ke shiga asusun kwamiti. In ya mutu, an yi asarar kuɗin iri, an yi asarar wahalar shekara guda. Kihi kuwa dabba ne awa tunkiya. Shina jin yunwa, shina ciwo. Sai dai shi ba shi kuka, kuma ruwa ya ɓoye shi. Wanda bai duba ba, sai ya ga gawa bisa ruwa kana shi sani.

ƘAƘA AKE GANE KIHI MAI LAHIYA?

Kahin a san marar lahiya, sai an san mai lahiya. Ku kama guda, ku duba abu biyar:

1. Baya. Bayan kihi mai lahiya cike shike da nama. Na ramamme kaihi gare shi awa bakin wuƙa, kai ya yi girma, jiki ya tsuke.

2. Ido. Shi zama garau, bai yi hwari ba, bai hito waje ba, bai hwaɗa ciki ba.

3. Jan naman kunne. Ku ɗaga murhin da ke gehen kai. Naman da ke ƙarƙashi, da shi kihi ke numhwashi. Shi zama ja wur. In ya koɗe, ko ya yi yauƙi da yawa, ko ya zagwanye, akwai magana.

4. Hwata. Babu gyambo, babu ɗigo-ɗigo, babu abin da ya manne, wutsiya ba ta cinye ba.

5. Ciki. Bai shanye ba, bai kumbura ba.

Ku duba kuma halinshi cikin ruwa. Mai lahiya shina gudu in ya ga inuwar mutum. Marar lahiya shina ware kanshi, shi tsaya bakin ruwa, shi bar ci, ko shi riƙa goga jikinshi ga dutsi.

DALILI NA HWARKO: YUNWA DA CUNKOSO

Galibin ramar kihi nan ƙasarmu ba cuta ba ce. Yunwa ce.

Gargaza haihuwa gare ta ƙwarai. Cikin ruwa mai ɗumi tana hwara ƙwai tun tana ƴar wata huɗu ko biyar, kuma tana sakewa sau da yawa cikin shekara. In ba a rage su, sai tabki shi cika da ƙanana. Abinci bai isa ba. Sai ka ja koma ka samu kihi dubu, kowane bai wuce yatsa uku ba, kai babba, ido babba, jiki babu. Mai shuka hatsi ya san wanga abu. In ba a yi cira ba, zangarniya ba ta girma.

Ga kuma halin ruwanmu. Da kaka tabki cike shike. Da bazara ya janye, saura kashi ɗaya cikin uku, ko ƙasa da haka. Yashi da laka suna cike baraji shekara kan shekara. Kihin da ke yawo cikin hili babba, yanzu ya taru wuri guda.

Ƙaƙa za ku san ruwa na da abinci? Ku sa hannu cikin ruwa har gwiwar hannu, ku dubi tahin hannunku. In ruwan kore-kore ne, tahin hannu ya ɓace daidai gwiwa, to, ruwan na da abinci. Wannan koren, ƙananan tsirrai ne da ido ba shi rarrabewa, su gargaza ke ci. In kuna ganin hannu sarai, ruwan ba shi da abinci. In ja ne don laka, rana ba ta shiga, abinci ba shi tsirowa. In kuwa kore ne shar, hannu ya ɓace tun wuyan hannu, ya yi yawa, akwai hatsari. Za mu komo kanshi.

Maganin yunwa:

A babban tabki, a rage kihi tun ruwa bai janye ba. Kwamiti shi buɗe su da wuri, da izinin ma'aikata. Ƙananan da anka kwashe, a shanya su, a daka, su shiga miya ko abincin kaji.

A ƙaramin tabki na gini, kada a wuce gargaza 2 ga kowace murabba'in mita. Wuri mai mita 10 tsawo, mita 10 hwaɗi, kihi 200 ke nan.

A ba su dusar hatsi ko ta shinkahwa, a gauraya da garin ƙuli-ƙuli. Ga lissahi. In kuna da kihi 100, kowane giram 100, nauyinsu duka kilo 10 ne. Ku ba su giram 300 a yini. Rabi da hantsi, rabi da la'asar, kullum wuri guda. Abin da ba su cinye ba cikin rabin awa ya yi yawa, gobe a rage.

Kada a ba kihi dusa ko ƙuli-ƙulin da ya yi hunhuna. Hunhunar gujiya dahi gare ta, tana ɓata hanta. Kihi shi bar girma, shi rame, shi mutu sannu-sannu.

RAMAR DA BA CUTA BA

Akwai rama iri biyu da ba su son magani.

Ta ɗaya: macen gargaza cikin bakinta take renon ƙwai. Kwana goma zuwa sati biyu ba ta cin komi. Sai ta rame, maƙoshinta ya kumbura. In kun kama irinta, ku buɗe baki a hankali. In kun ga ƙwai ko ɗiya, ku maida ta ruwa. Lahiyarta lau, jego take.

Ta biyu: lokacin dari, watan goma sha biyu da watan ɗaya, ruwa na yin sanyi. Gargaza da tarwaɗa kihin ƙasar zahi ne. In ruwa ya yi sanyi suna rage ci, girma shi tsaya. Ku rage abinci, ku ba su da tsakar rana. In kun zuba da yawa, ruɓewa za shi yi, shi ɓata ruwa. Kuma kada a yawaita kama su da hannu cikin dari.

DALILI NA BIYU: RUWA YA ƁACI

Cikin ruwa akwai iska, ko da ba mu ganinta. Ita kihi ke shaƙa. Da rana, koren ruwa shina ƙara wagga iska. Da dare, shi da kihi da ruɓaɓɓen abin da ke ƙasa duk suna shanye ta. Don haka lokacin da iska ta hi ƙaranci shi ne asuba. Ruwa mai zahi kuma ba shi riƙe iska da yawa. Shi ya sa watan huɗu da watan biyar sun hi hatsari. Haka ruwan hwarko na damana: shina kwaso kashin dabbobi da shara da laka, shi zuba cikin tabki dare guda.

Alama: bayan sallar asuba ku tahi bakin ruwa. In kun tarda gargaza sun taso sama, baki buɗe, suna haɗiyar iska, kuma ba su gudu in an tahwa hannu, iska ta ƙare. In rana ta hito sunka koma ƙasa, an tsira yau, amma gobe ba tabbas. Kihin da ke kwana cikin wagga wahala kullum ba shi ci, sai rama.

Abin yi: a tsaida abinci da taki kwana biyu ko uku. A kwamin siminti, a zubda kashi ɗaya cikin uku na ruwan, daga ƙasa, a sa sabo. Wannan tsohon ruwan taki ne mai kyau ga albasa da tumatir. A ƙaramin tabki, a tada injin ban ruwa tun da asuba, a ja ruwan a watsa shi sama shi komo awa ruwan sama. A babban tabki, a rage kihi.

DALILI NA UKU: TSUTSAR CIKI

In abinci ya isa, ruwa na da kyau, amma kihi na ramewa, a yanka guda biyar a duba. A tsaga ciki, a duba hanji, hanta, da jikin ciki.

Wani lokaci za ku ga tsutsotsi hwarare, a naɗe awa zare, tsakanin kayan ciki. An hi ganinsu ga tarwaɗa. Wani lokaci doguwa ce mai hwaɗi awa igiyar tabarma, ta cika ciki har ya kumbura, baya kuwa ya rame. Wani lokaci ƴan ƙwayoyi ne rawaya ko baƙi cikin nama ko ƙarƙashin hwata.

Daga ina suke? Galibi daga tsuntsaye masu cin kihi, awa zalɓe. Uwar tsutsa cikin tsuntsu take zaune. Ƙwanta na hita cikin kashin tsuntsu, shi hwaɗa ruwa. Ƙananan ƙwarin ruwa ko katantanwa su ɗauka. Daga nan shi shiga kihi. Tsuntsu shi ci kihi, zance shi komo hwarko.

In mun gane wagga hanya, mun san inda za mu tare ta:

Kada a zubda kayan cikin kihi bakin ruwa. A gina rami a turbuɗe. Iyayenmu mata masu gyaran kihi, wagga magana taku ce.

A ƙaramin tabki, a ja igiya ko tsohuwar raga bisa ruwa don tsuntsu. A nome ciyawar baki inda katantanwa ke ɓoyo. Wata katantanwar ita ke ɗauke da ciwon hitsarin jini da ke kama yara. Rage ta riba biyu ce.

Maganin tsutsa na kihi akwai shi, ana gauraya shi da abinci. Amma sai a kwami ko ƙaramin tabki, kuma sai likitan dabbobi ya auna. Wadda ta riga ta shiga nama, magani ba shi hidda ta.

DALILI NA HUƊU: ABIN DA KE BISA HWATA

Ga waɗanda kuke iya gani da ido:

Ɗigo-ɗigo hwari awa an barbaɗa gishiri. Wani ƙaramin ƙwaro ne. In ya ƙoshi sai shi saki kihi, shi hwaɗa ƙasa, shi haihi ɗaruruwa, su komo. Shina bazuwa da sauri inda kihi ya cunkushe.

Ƙwarƙwatar kihi. Shimhiɗaɗɗiya ce, girmanta bai kai ƙwayar wake ba, tana yawo bisa hwata tana shan jini.

Matsattsaku. Kun san shi. Shi ma jini shike sha, har naman kunne shi koɗe.

Abu hwari awa kaɗa, manne ga rauni. Hunhunar ruwa ce. Ta hi yawa cikin dari, bayan an ji ma kihi ciwo da raga.

Gyambo ja, ciki ya tara ruwa, ido ya hito. Wannan aikin ƙwayoyin cuta ne da ido ba shi gani. Kullum suna cikin ruwa, amma ba su kada kihi sai ya raunana don yunwa, cunkoso ko mugun ruwa.

MAGANIN GISHIRI

Maganin da ya hi sauƙi ga ciwon hwata shi ne gishiri. Ku saurara da kyau. Hwarin gishirin miya nike nuhi. Ba kanwa ba. Kanwa tana ƙona naman kunne.

Wanka gajere: a zuba ruwan tabkin lita 20 cikin roba mai tsabta. A narka gishiri giram 200. A sa kihi kaɗan ciki, minti 30. Mutum shi tsaya kansu. Wanda ya juya ciki sama, a hidda shi nan take a sa shi ruwa marar gishiri. A hwara gwadawa da guda biyu ko uku kahin a sa saura. A yi haka sau ɗaya a yini, kwana uku.

Wanka dogo, a kwamin siminti: ga kowane tano mai lita 200 na ruwan da ke ciki, gishiri rabin kilo. A narka shi cikin bokiti tukuna, a zuba sannu-sannu. A bar shi sati guda. In an sake ruwa, a ƙara gishiri daidai ruwan da anka sake. Ga mai ɗigo-ɗigo hwari, wanga ya hi, don shina kashe ƴaƴan ƙwaron da ke cikin ruwa. Ruwan gishiri kuwa kada a zuba shi ga shuka.

Gishiri ba shi maganin tsutsar ciki. Ba shi maganin yunwa. Kuma ba a zuba shi babban tabki, asarar kuɗi ce.

Ina jan kunnenku ga ƙwayoyin ƴan tebur na kasuwa. Wasu na hwasa kapso su zuba ma kihi. Ba su san cutar ba, ba su san awo ba. Ƙwayar cuta sai ta saba da maganin. Maganin kuma shina saura cikin nama, ɗiyanku su ci. Ran da yaro ya kwanta, a ba shi irin maganin, ya ƙi ci. Magani sai da likitan dabbobi, kuma shi zai hwaɗi kwana nawa za a jira kahin a ci kihin.

IN KIHI NA MUTUWA: TAMBAYA UKU

Ran da kunka tarda gawar kihi bisa ruwa, kada ku ruɗe. Ku yi tambaya uku: wane iri ya mutu? Wane lokaci? Cikin kwana nawa?

In da asuba ne, dare guda, manyan gargaza da giwan ruwa sunka hi mutuwa, tarwaɗa da gaiwa kuwa suna nan da ransu, rashin iska ne. Tarwaɗa da gaiwa suna iya shaƙar iskar sama, shi ya sa suke tsira.

In kowane iri ya mutu, manya da ƙanana, har tarwaɗa, har kwaɗi, cikin awa kaɗan, ko dare ko rana, ku zargi guba.

In iri guda ne ke mutuwa, yau uku, gobe bakwai, jibi ashirin, da alama a jiki, cuta ce.

Maganar guba tana da nauyi. Ƙasarmu ƙasar albasa ce, ana heshi da yawa. Wanda ya wanke pampon heshi cikin tabki, ko ya yada kwalbar maganin ƙwari bakin ruwa, shina iya kashe kihin gari duka. Ruwan nan kuwa shanu na sha, mutane na ɗiba. A wanke pampo nesa da ruwa da rijiya. Mai zuba guba da gangan don shi kama kihi, shi sani dokar ƙasa ta hana, tun dokar su ta shekara ta 1998, kuma har yau laihi ne.

Kihin da anka tarda matacce, ba a ci, ba a saidawa, ba a ba kaji ko karnuka. A kwashe shi duka, a gina rami mai zurhi nesa da ruwa, a zuba toka, a ruhe.

Ran nan kuma a aika ga ma'aikatan gandun daji da ruwa, ko likitan dabbobi, a Madawa, Buza ko Keita. A kai musu kihi uku ko huɗu marasa lahiya amma da ransu, cikin bokiti da ruwan wurin. A cika kwalba mai tsabta da ruwan tabkin. Ruɓaɓɓen kihi ba shi nuna komi.

BAƘON KIHI

Cuta mai tsanani galibi baƙuwa ce, da ɗiyan kihi take zuwa. Cikin shekara ta 2006 wata cutar gyambo, wadda da can anka sani ƙasashen Asiya, ta ɓulla kogin Zambezi, kudancin Afirka, ta bazu ƙasashe da dama. Ƙarshen shekara ta 2018 da cikin 2019, masu kiwon gargaza a tabkin Bolta na ƙasar Gana sun yi asara mai yawa don wata cuta da ba ta da maganin sha. Gana ba nesa ba ce. Ɗiyanmu na tahiya can ci-rani.

Don haka in za a kawo iri, ko daga Tabalak, ko Maraɗi, ko ƙetaren iyaka, a bi ta hannun ma'aikata. A ɗauko shi da sanyin sahiya, kada a cunkusa. In an iso, kada a juye shi gaba ɗaya. A riƙa ƙara ruwan wurin kaɗan-kaɗan cikin tano har zahin ruwan biyu shi daidaita. In da hali, a aje baƙon kihi wuri dabam sati biyu ko uku, a ga lahiyarshi. Koma da taru da sunka yi aiki wani tabki, a wanke su, a shanya su rana su bushe ƙayau kahin su shiga naku. Ƙaramin tabki na gini, bayan an kwashe kihi, a bar ƙasan shi bushe har shi tsage. Rana magani ce, kuma kyauta take.

LITTAHIN TABKI

Kowane kwamiti shi sayi littahi guda. Kowane wata a kama kihi 20, a auna su tare a sikeli, a rubuta, a maida su. In watan jiya kilo 2 ne, wanga wata kilo 2 da rabi, ana ci gaba. In wata biyu awo bai motsa ba, akwai abin da ya ɓaci, ko da ba a ga gawa ba. A rubuta ranar da anka zuba iri, da inda ya hito, da launin ruwa, da yawan wanda ya mutu kowace rana. In ma'aikaci ya zo, littahin nan zai hwara tambaya.

TAMBAYOYIN JAMA'A

Wata dattijuwa mai suyar kihi ta ce: "Ɗana, in na yanka tarwaɗa na ga tsutsa ciki, in zubda ita? Da kuɗina na saye ta."

Ya ce: "A'a, Inna. In da ranta anka kama ta, nama na da kyau, ba wari, ki hidda kayan ciki duka ki turbuɗe, ki wanke, ki soya ta ta soyu har ƙashi. Wuta na kashe tsutsa. Abin da za ki kiyaya shi ne mai gyambo, da mai kumburin ciki, da wanda anka tsinto matacce."

Wani sarkin ruwa ya ce: "Malam, mu mun gaji su tun kakanni. Da can ba a buɗe ruwa sai rana ta yi zahi. Kai kuwa ka ce a buɗe da wuri."

Ya ce: "Gaskiyarka, Sarki, kuma hana su lokacin da kihi ke haihuwa da damana abu ne mai kyau, a riƙe shi. Amma ka hi ni sanin zurhin ruwanku na da, da na yau. Inda gora ke nutsewa da, yanzu yaro na takawa. Ku dubi ruwan, ku dubi kihin, ku sa rana tare da kwamiti da ma'aikata. Ba a hwahe gora ranar tahiya."

Wani saurayi mai kwamin siminti ya ce: "Mushe, tarwaɗata kullum suna raguwa, ban ga gawa ba. Wasu sun yi ƙato, wasu sun rame."

Ya ce: "Ƙanena, ɓarawonka na cikin kwami. Tarwaɗa na cin ɗan'uwanta. Manya sun hana ƙanana abinci, kana su haɗiye su. Kowane sati biyu, tun suna ƙanana, ka tace su, manya dabam, ƙanana dabam. In ba ka da kwami biyu, raba shi da raga."

Daga nan ya ruhe jawabinshi da cewa:

Jama'a, ga abin da za ku kai gida. In kihi ya rame, ku duba abinci da cunkoso tukuna, kana ruwa, kana ciki, kana hwata. Kwamiti shi sa mutum guda mai zuwa bakin ruwa kowace asuba, daga watan uku har ruwan sama shi zauna. Kada a wanke pampo cikin tabki. Kada a ci mushen kihi. In abu ya hi ƙarhinku, ku aiko ran nan, kada ku jira ranar kasuwa. Rigakahi ya hi magani.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi cika muna tabkunanmu.  Ku sauka gida lahiya.